Shaddar da ta dawo daga Yamai

Wata Laraba cikin watan Nuwamba na 2023 aka kira ni daga tashar mota, wai in zo in karɓi saƙo. Na hau kabu-kabu ina murna, a zatona yadin da nake jira ne ya iso. Da aka miƙo mini ledar sai na ga ɗaurina ne, ga rubutuna a jiki. Riga da zane da kallabi na shadda, waɗanda na kwana huɗu ina yi wa aiki a wuya, na aika wa wata Hajiya a Yamai, su ne suka dawo mini, ko ninkin guga bai warware ba.

Kafin in kai gida saƙon muryarta ya shigo. Da faɗa ta yi da na fi samun sauƙi. "Ɗiyata," in ji ta, "ɗinki kam ba shi da makusa. Amma ni ruwan toka na gani a hoto, ankon bikin kuma ruwan toka ne. Wannan da kika aiko ruwan omo ne. In na sa shi ni kaɗai zan fita daban cikin mata." Na shimfiɗa rigar a tsakar gida, na buɗe hoton da ta zaɓi yadin a kansa, na dubi wannan na dubi wancan. Hajiya ba ta yi mini ƙage ba. A hoto toka ce sak, a ƙasa kuwa ga shuɗi-shuɗinta nan ƙarara. Tsakanin Damagaram da Yamai kusan kilomita 900 ne, kuɗin mota zuwa da dawowa duk a kaina, na kuma mayar mata da kuɗinta cif.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki cikin Birni, ina kuma sarin yadi kaɗan-kaɗan. Fiye da rabin masu saye a wurina ba su taɓa taka ƙofar gidanmu ba. Suna Yamai, Agadas, Maraɗi, Diffa, wasu Tanut. Abin da na ɗora a WhatsApp shi suke gani, a kansa suke turo kuɗi. Cinikin biri a sama ne, hoton nan kaɗai ke tsakaninmu. Duk da haka ban taɓa ba shi ko rabin kulawar da nake ba bakin zane ba. In na gama ɗinki sai in rataye a ƙusar bango, in ɗaga salula, ƙyas, shi ke nan.

Salular na fara ɗora wa laifi. Da na ji kuɗin sabuwa sai na janye ƙarar. Daga nan wata ƙawata ta ce ai fitilar nan mai zobe da ƴan TikTok ke amfani da ita ce magani. Lokacin iyaka tana rufe tun bayan juyin mulkin watan Yuli, duk abin da ke zuwa daga Kano ya yi tashin gwauron zabo, amma na daure na ba da jika 12 na ɗauko ta da ƙafarta. Daren nan na kafa ta gaban wata shadda makuba, na maƙala salula a tsakiyar zoben kamar yadda aka nuna mini. Hoton da ya fito, wani farin da'ira ne zaune a ƙirjin rigar kamar wata a cikin rijiya. Surfanin da na ɓata ido a kansa ya kwanta lumui kamar zanen fenti. Hannuwan riga da gindin zane kuwa duhu. Na matsa gaba, na ja baya, na danna maɓallin da ke sauya mata launi har uku, ba ta canza zani ba. Fitilar fuska ce, an yi ta don wadda za ta zauna kamu uku daga gare ta tana magana. Ba a yi ta don riga mai tsawon mutum ba.

Inna ce ta tuna mini da Baba mai hoto, abokin marigayi mahaifinmu, wanda ya yi shekaru da shagon hoto a Zango tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu. Duk hotunanmu na Sallah na ƙuruciya shi ya ɗauka. Yanzu ido ya yi rauni, yana zaune ƙofar gida da rediyonsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi Inna da yara, sannan na koro masa bayani, na miƙa masa salula. Ko kallonta bai yi ba.

"Ɗakin da kike ɗauka, wane fenti ne a bango?"

"Bula, Baba."

"Ƙwai nawa ke ci?"

"Biyu. Ɗaya fari, ɗaya irin na da mai ja-ja. Shi ne saitin inda nake rataye kaya."

"Taga a buɗe?"

"Wani lokaci."

Ya yi dariya har da tari. "Ɗiyata, miya uku kika zuba a tuwo guda, kina tambayar wacce ce ta yi gishiri."

Ya aiki jikansa ya yago farar takarda daga littafin lakkwal. Ya ce in riƙe ta ƙarƙashin bedin ƙofar gidan in ɗauka. Na ɗauka. Ya ce in matsa jikin katangar jar ƙasa, inda rana ke duka. Na ɗauka. Sannan ya ce in shiga zaure, in tsaya taki biyu daga bakin ƙofa, inda haske ke shigowa amma rana ba ta taɓa ni. Da na jera hotunan uku sai jikina ya yi sanyi. Takarda ɗaya ce, amma ta farko ta yi kore-kore, ta biyu kamar an tsoma ta a ruwan goro, ta zaure ce kaɗai ta fito fara. Ya ce idon mutum yana da wayo, ya san takarda fara ce, don haka ko'ina ya gan ta sai ya ce fara. Na'ura kuwa lalube take yi. In ta ga haske ja-ja sai ta ƙara shuɗi, in ta ga shuɗi ta ƙara ja, tana neman tsaka-tsaki. Shaddata mai ruwan omo ta cika mata ido ƙarƙashin ƙwai mai ja-ja, jan ya cinye shuɗin, ita kuma ta ƙarasa sauran, aka tashi da toka.

Na tambaye shi wace fitila zan saya. Ya ce kada in sayi komai tukuna. In kashe duk ƙwan da ke ɗakin, in nemi ƙofa ko taga da rana ba ta shigowa kai tsaye, in sa kayan a gefenta, hasken ya zo musu daga haƙarƙari. Ya ce haske ƙarami mai zafi inuwarsa kaifi ne da ita kamar aska, haske mai faɗi kuwa inuwarsa taushi gare ta, shi ya sa ranar da hadari ya rufe sama babu mai yamutsa fuska a hoto. "Ki faɗaɗa shi, kada ki ƙara masa ƙarfi," in ji shi. Da zan tafi ya ƙara da cewa in sa wani abu fari a ɗaya gefen, ya riƙa mayar da hasken kan rigar.

Muna da wata shigifa da ake ajiye tarkace, ƙofarta tana kallon arewa. Na kwashe buhunan da tsofaffin kwanoni, na share, na sa aka shafe bangon da farar ƙasa har sau biyu. Na sa kafinta ya buga mini ƙugiya biyu a azara, na rataya gora da igiya, taki guda daga bango don kada inuwar riga ta manne mata a baya. Gorar nake zurawa ta hannun riga zuwa hannun riga, yadda dillalan manyan riguna ke yi a kasuwa. Abin mayar da haske kuwa, farin soson nan ne mai tauri da ke zuwa cikin kwalin firji, wani maƙwabcinmu mai gyaran firji ya ba ni guda biyu kyauta. Ranar da na fara jingina shi a gefen da ba haske, ina kallon salula na ga duhun hannun rigar ya washe kamar an kunna wata fitila. Na ɗauke, ya dawo. Na mayar, ya washe. Na yi ta yi kamar yarinya ta sami abin wasa.

An ɗan yi rigima a kan labule. Da hantsi farin bangon maƙwabta yana turo haske mai ƙarfi ta ƙofar, sai na rataya alawayyo yadi uku don ya tace shi. Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya cak. "Ke, wa ya mutu?" Ta ce ba za a shanya mata likkafani a tsakar gida ba tana da rai, masu shigowa su fara salati tun daga zaure. Na sauke. Na maye shi da farin shafi mai shara-shara, irin wanda nake sa wa leshi, na ninka biyu na yi masa baki da zare ja don ya yi kama da labule. Ya ma fi alawayyon barin haske ya wuce.

Hunturun shekarar ya yi mini rana. In hazo ya sauko, sararin sama gaba ɗaya sai ya zama wannan haske mai faɗi da Baba ke faɗa, har a tsakar gida ana iya ɗauka ba inuwa. Sai dai yana sa wa farin kaya wani ɗorawa-ɗorawa, kuma baƙar abaya ba ta minti biyar a waje ba ta yi furfura ba. Na koyi goge gilashin kyamara da bakin mayafi kafin kowane ɗauka. Rabin dishi-dishin da na yi shekaru ina zargin salula da shi, ashe man shafawar hannuna ne da ƙura.

Da a nan zancen ya tsaya da ban kashe ko dala ba bayan kuɗin farar ƙasa da kafinta. Azumi ne ya tayar da shi. Na 2024 ya kama daga Maris zuwa Afrilu, cikin tsananin zafi, kuma kowace tela ta san goman ƙarshe ba a barci. Ɗinki yakan kammala bayan asham ko dab da sahur, mai kaya tana can tana jiran hoto kafin ta turo cikon kuɗi, mota kuma da asuba take tashi. Hasken ƙofar arewa ba ya jiran kowa, la'asar sakaliya ya tafi. Dole in ƙirƙiro tagar da za ta yi aiki da dare.

Ƙanena yana koyon aikin wuta, shi na ja muka tafi Kasuwar Dole ranar Alhamis. Kafin mu fita na tsince kwandon ƙyallaye, na harhaɗa guda bakwai na ɗinke su a jere kamar tuta: ja, ruwan hanta, ruwan goro, ruwan hoda, kore, shuɗi, fari. A hanya yake karanta mini abin da ke jikin kwalin ƙwai. Lambar da ke tafe da harafin K ita ke faɗin launin hasken. In ta yi ƙasa, hasken ja-ja ne, in ta yi sama ya koma shuɗi-shuɗi. Harshen kyandir bai kai 2000 ba, tsohon ƙwai mai zare a ciki 2700 ne, rana tsaka tana wajen 5500, ƙwan LED ɗin da ya cika kasuwa kuwa mafi yawansa 6500. Akwai kuma wata lamba da ake rubuta wa Ra, ko CRI, ko IRC in kwalin da Faransanci ne. Ita ke nuna yadda ƙwan ke fito da launin abu na gaskiya, 100 ce ƙarshenta, kamar hasken rana. Mai 80 ba laifi, mai 90 zuwa sama shi ake so a harkar tufafi. Wani kwalin ma a dunƙule yake rubutawa, 865, wato Ra 80 da ɗoriya, 6500K. Na tambaye shi me ya sa farin haske zai ɓata launi alhali fari ne. Ya ce farin LED asalinsa shuɗi ne, aka lulluɓe shi da wata hoda rawaya, haɗuwarsu ke ba ido fari. Ja ba shi da yawa a ciki, musamman a masu araha, abin da babu a haske kuwa yadi ba zai iya nuna shi ba.

Mai shagon da muka tsaya ya ɗauka wasa nake da na ce ya kunna mini ƙwai ɗaya-ɗaya. Na ce ya ja ƙyauren shagon ya rage hasken waje. Na ɗaga tutar ƙyallayena ƙarƙashin na farko, wani mai arha da ba a rubuta komai a kwalinsa ba sai wat. Kore da shuɗi suka yi tsalle. Ja ya yi sanyi kamar tumatirin da ya kwana, ruwan hanta ya koma ruwan ƙasa, bayan hannuna ya yi toka-toka kamar na mai jinya. Na biyu haka. Na huɗu ne ruwan hantar ya dawo hayyacinsa. Mai shagon da kansa ya leƙo ya ce, "Hajiya, wallahi shekara nawa ina sayar da su ban taɓa lura ba." Mai 90 dai ba mu samu ba duk zagayen da muka yi, mai 5500 ma haka. Na ɗauki huɗu masu wat 12, Ra 80, 6500K, iri ɗaya daga kwali ɗaya, don ƙanena ya ce ko lamba ta zo ɗaya, in kamfani ya bambanta launi na iya bambanta. Da su da mazauninsu da waya mita 10 da filogi da takardar alminiyam nadi biyu, jika 8 da dala ɗari na kashe.

Aikin ya ɗauke mu yamma guda. Kwalin taliya biyu manya, muka liƙe cikinsu da takardar alminiyam, bayan mun ɗan cukuikuye ta mun warware don kada ta yi walƙiya wuri guda kamar madubi. Ya huda bayan kowane ya zura mazaunin ƙwai biyu, ya kuma yanka ramuka a sama da ƙasa saboda zafi ya sami hanyar fita. Bakin kwalin na rufe da farin shafi, na kama da abin shanya. Ƙafa kuwa, gwangwanin madara babba muka cika da siminti muka dasa bututun roba a ciki, kwalin ya hau kai da waya.

Ni na jawo ɓarnar da aka yi. Washegari ƙanena ba ya nan, na ga kamar hasken kwali ɗaya bai ishe ni ba, sai na kwance tsohon ƙwan nan mai wat 100 na ɗakina na ɗaura a ciki. Ina can ina gyara wuyan riga na ji ƙauri. Shafin ya yi baƙin tabo kamar tafin hannu, kwalin ya fara hayaƙi, ga shaddar mutane ta jika 40 rataye kamu biyu daga wurin. Na fizge filogin jikina na ɓari. Da ya dawo ya ce, "Yaya, ƙwai mai zare ai murhu ne, yawancin wutar da yake ci zafi take zama. LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon mai wat 60. In haske kike so ki matso da kwalin." Shi ne ya nuna mini da awo: in na ja fitila daga mita 1 zuwa mita 2, hasken da ke kan riga ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne. Da wannan lissafin muka tsayar da wurin kowace. Ta dama mita 1 da rabi daga riga, a karkace, rabin hanya tsakanin gaba da gefe, ta ɗan fi kafaɗa tsawo. Ta hagu a irin wannan karkatar amma ta wuce mita 2 da kaɗan, haskenta ya zama kusan rabin na ƴar'uwarta. Na zana wurin gwangwanayen da fenti a ƙasa don kada yara su gusar in rasa.

Wannan bambancin na dama da hagu shi ne ya fito da shadda. Shadda madubi ce, musamman wadda ta sha bugu ko Getzner ta Ostiriya mai ƙyalli tun daga kamfani. Ta inda haske ya faɗo mata, ta kishiyarsa yake tashi. In fitila tana kusa da kyamara, kai tsaye yake dawowa cikin ido, abin da zoben nan ya yi mini ke nan. In an kashe ƙyallin gaba ɗaya kuma ta koma kamar yadin makaranta, alhali don ƙyallin ake sayenta. Da fitila ɗaya ta fi ɗaya, sai ƙyallin ya kwanta a gefe guda yana gangarowa kan ninki, furannin saƙar suka fito, launin ma yana nan. Surfani kuwa ya fi son a ƙara tura fitilar can gefe, har hasken ya riƙa shafar yadin a kwance. A nan kowane zare ke yin ƴar inuwarsa. Wata babbar riga mai aska takwas da aka kawo in ɗauka wa wani dillali, sai da na kashe ta hagu ɗungurungum na bar soson firji kaɗai, sannan aikin hannun ya tashi har kana jin kamar ka taɓa.

Atamfa ba ta da fitina, ba ta ƙyalli sosai, ko'ina ka sa ta ta yarda. Leshi sai an sa masa wani yadi mai duhu a baya hudojinsa ke fitowa. Masu wahala su ne baƙi da fari. Salula in ta ga baƙar abaya sai ta ɗauka duhu ne, ta ƙara haske, abaya ta fito kamar ta shekara a igiyar shanya. In ta ga farin boyel kuma ta rage, ya fito da datti-datti. Maganin yana kan allon: in danna yatsa kan rigar in riƙe har ta kulle, sannan in ja ƴar alamar ranar nan ƙasa in baƙi ne, sama in fari ne. Launi kuwa, na shiga wurin da aka rubuta Pro a kyamarar salula, na riƙe farar takarda gaban riga, na yi ta jan lambar K har takardar ta zama fara a allo kamar yadda take a hannuna, na bar shi a nan. Tunda fitilun ba sa canzawa, ba na sake taɓa shi. Ina kuma ja da baya kamar mita 3, salula daidai tsakiyar rigar, don in na matso kusa sai kafaɗa ta kumbura gindi ya tsuke.

Daren 27 ga azumi aka ɗauke wuta ina da kaya biyar da ba a ɗauka ba. Na kawo fitilun caji biyu na cusa cikin kwalayen. Hoto ya fito da wasu baƙaƙen layuka a kwance kamar jikin tabarma. Na goge gilashi, na kashe salula na kunna, suna nan. Na tashi ƙanena daga barci. Ya ce fitilar ce ke ƙiftawa da saurin da ido ba ya kamawa, irin waɗannan in an rage musu ƙarfi haka suke yi. Ya mayar da su ƙarshen ƙarfinsu, layukan suka ragu. Ya ce ko ƙwan wutar gari mai araha yana yin haka, don wutarmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, maganinsa a sa saurin ɗauka kan 1/50 ko 1/100 a cikin Pro ɗin nan. Sai dai a wannan saurin hannu ya ɗan motsa hoto ya ɓaci. A nan ƙafar fitilar zobe ta yi ranarta: na kwance zoben, na ɗaura salula a kai, na sa ta ƙirga daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka. Bayan Sallah ya haɗa mini ƙwai biyu masu volt 12 da ke ci kai tsaye daga batirin sola, su ba ruwansu da ƙiftawar wutar gari. Sun fi na farko shuɗi, don haka ba na haɗa su, ko waɗannan ko waɗancan, kowanne da lambar K ɗinsa da na rubuta da alli a bango.

Na ɗauka na gama, sai ga watan Mayu. Ƙofar arewa da ta yi wata biyar ba ta bar rana ta leƙo ba, na shigo da hantsi na tarar da rana ta miƙe ƙafa a kan dabe, da yamma ma haka ta ɗaya kusurwar. Na koma wurin Baba da ƙorafi. Ya ce ai mantawa ya yi bai faɗa mini ba. Masu cewa tagar arewa ba ta ganin rana, a ƙasashen Turawa suke. Mu nan Damagaram, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa da mu take bi, sauran watannin ta koma kudu. Duk maginin gargajiya ya san haka, in ji shi, duk mai shanyar hatsi ma ta sani. Tun daga nan, bazara da damina labulen shafi ba ya sauka daga ƙofar, in kuwa rana ta yi ƙarfi sai in rufe ƙyaure in kunna kwalaye ko da tsakar rana ne.

Akwai abin da ba ya hannuna. WhatsApp yana matse hoto, ƙananan zare su narke, don haka mai son ganin aiki da kyau nakan danna mata HD ko in tura a matsayin takarda. Allon salula ma kowane da halinsa, wata ta kunna abin kare ido da ke mayar da komai ɗorawa ba ta sani ba. Shi ya sa nake barin ƴar farar takarda a kusurwar hoto na biyu, in kuma rubuta sunan launin da baki a ƙasa. Nakan ce, in takardar nan ba fara kike gani ba, to salularki ce. Abin ƙara wa hoto armashi kuwa na daina taɓawa ko kaɗan, duk da ƙawayena na cewa nawa hotunan ba sa ɗaukar ido kamar na wasu. Da gaskiyarsu, ba sa yi.

Shaddar Hajiya ta yi kusan wata bakwai a akwati. Na fito da ita kafin Babbar Sallah na rataye a gora, na ɗauka, na rubuta "ruwan omo mai haske" a ƙasa. Wata malamar asibiti a Agadas ta saye ta a ranar, sai ɗan rage tsawo da na yi. Zoben kuma yana ɗaure saman keken ɗinki, da shi nake zura zare a allura da dare, Inna ma takan aro shi in za ta tsince shinkafa.

Ruwan malmo ne har yau ya gagare ni. Na gwada ƙofa, na gwada kwalaye, na gwada na sola, na ja lambar K sama da ƙasa, kullum shuɗi yake fitowa, in na matsa masa ya koma ruwan hoda. Makon jiya wata ta so yadi biyar daga Diffa. Na yanki ƙyalle kamar yatsa biyu daga bakin yadin, na sa a ambulan, na kai tasha na ba direba da dala ɗari na goro, na ce mata ta duba shi a inuwar zaure, kada ta duba cikin ɗaki.